Sunan da Zalika Ba Ta Kira

Babbar motar ta yi ta danna oda har kajin unguwa suka watse, jakin Namadi ya tsinke igiya, amma yarinyar ba ta ko waiga ba. Tana tafe a tsakiyar filin da tulu a ka, sannu a hankali yadda ta saba, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa. Zalika na tsaye a ƙofar gida da faifai a hannu. Ta ga hancin motar, ta ga bayan yarinyar, ta ga ɗan abin da ya rage tsakaninsu yana ƙarewa. Ta buɗe baki za ta kira ta, sunan ya ƙi fitowa.

Direba ya taka birki, motar ta yi gurnani ta tsaya. Karen mota ya leƙo ta taga yana huci.

"Ke, kurma ce ke?"

Ya faɗi gaskiya bai sani ba. Sai da ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafarta sannan yarinyar ta juyo. Ba ta gudu ba. Ta sauke tulu, ta matsa, ta ɗora hannu a jikin ƙarfen da ke karkarwa, ta lumshe ido, ta saki dariya irin wadda ba a ji ta yi ba tun rasuwar kakarta. Dariyar nan ta fi birkin tsorata Zalika, har faifan ya suɓuce, gero ya zube a ƙasa.

Rakiya ke nan, 'yar farin Zalika. Tana shekara uku sanƙarau ya shigo Tudun Gawo, ya bar ta da rai ya tafi da kunnuwanta, 'yar maganar da ta fara koya ta bushe mata a baki. Yanzu ta tasa, ta kai ɗaukar tulu. Tun daga yaye Iya ce ta riƙe ta, uwar Mumuni mijin Zalika, kuma su biyun suka ƙago wa kansu zance da hannu wanda ba mai gane shi duka sai su. Bara Iya ta rasu, ta tafi da rabin zancen.

Ita kuwa Zalika an yi mata tarbiyya, ta san kunyar ɗan fari. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, ba ta taɓa jan ta jiki gaban mutane ba. In za ta ambace ta sai ta ce "waccan", ko "yarinyar Iya". Matan gari har yabonta suke yi a kan haka. Ba wanda ya san cewa duk lokacin da yarinyar ta fita rijiya, Zalika na laɓe a jikin danni tana bin ta da ido har ta je ta dawo.

Ranar nan mutane suka sauko daga motar da turaku masu jan fenti a ka, suka bi filin suna kafawa. Turke ɗaya bai fi taku kaɗan daga ƙofar Zalika ba.

* * *

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa ce sarauniya. Daga Urafane har Tasawa duk wanda ka gani gyaɗa yake zance, kuma an ce raƙuma da jakuna sun yi kaɗan, dole a yi tasha inda kamyo, manyan motocin nan, za su riƙa kwana suna lodi. Wuri biyu aka duba a Tudun Gawo. Ɗaya wani faƙo ne can bayan tudu, sai mota ta keta yashi kafin ta kai. Ɗayan kuma filin nan ne, shimfiɗaɗɗe, a bakin hanya, tsakanin gidaje da rijiyar gari tilo. An ce ranar Laraba mutumin gwamnati zai zo daga Tasawa ya ji bakin mutane kafin a yanke.

Mutanen Tudun Gawo, Allah ya yi musu baki in babu baƙo a kusa. A bakin rijiya kowa ya zama zaki. Namadi na rantsuwa cewa mota ɗaya in ta kauce, gonar wakensa ta tafi. Wani ya ce a Maraɗi ya ga yadda baƙin mai ke tsiyaya daga cikin motocin nan, ƙasa ta mutu ko ƙaya ba ta fitowa, to ina ga rijiya? Wata ta ce ruwan da ba ya isar mutane da rani, shi za a riƙa ɗura wa ƙarfe. Ɗan Azumi kaɗai ke murna, ya riga ya sa an sassaƙa masa teburin shayi.

Tanna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da Zalika, ta tsaya da guga a hannu.

"Ku kuna ta wake. Ni 'yan matanmu nake ji. Direba baƙo ne, yau yana nan gobe yana Kano. Wa za ka kama?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai wani ya rage murya ya ce a wani ƙauye wajen Mayahi, wani ya yi gardama a irin wannan taro, aka ce ɗan adawa ne mai ƙin ci gaban ƙasa, jandarma suka tafi da shi. Ba wanda ya san sunan mutumin ko na ƙauyen, amma nan take zakuna suka fara duban igiyar gugansu.

Daidai lokacin Rakiya ta iso da tulunta. Kowa ya dube ta, kowa ya kawar da kai, don uwarta na wurin. Zalika ta sunkuya tana gyara gammo.

A hanyar komawa ta rage tafiya har Tanna ta cim mata.

"Inna, kin ga abin da waccan ta yi jiya?"

"Na gani, ɗiyata. Zuwa ta yi wajenta, ba gudu ba."

"Son abin take yi. Na ja ta, na nuna mata da hannu, na murtuke fuska. Sai ta ɗora hannuna a ƙirjinta tana kwatanta mini yadda yake rawa. Inna, tsoro nake ji. Ko abinci ba ya wuce mini."

Tanna ta ce, "Bari, ni zan faɗa ran Laraba. Ni tsohuwa ce, mi za su yi da ni?"

* * *

Ana gobe taron, bayan la'asar, Mumuni na zaune a tsakar gida yana ɓarar gyaɗar iri. Zalika ta jawo tabarma ta zauna nesa kaɗan, ta ɗebo ta fara taya shi. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta fitar.

"Malam, gobe za ka yi magana?"

"A kan mi?"

Ya san a kan mene ne. Duk suka dubi gindin rumbu, inda yarinyar ke zaune tana wa ƙanenta 'yar motar kara.

"An ce in akwai dalili mai ƙarfi za a kai abin faƙo," in ji Zalika.

Mumuni ya murƙushe kwanso ya jefar. "In tashi gaban maigari, gaban ƙannen ubana, gaban baƙo, in ce ɗiyata? In ce kurma ce, a tausaya mini? Ke kin taɓa jin wanda ya yi haka? Da Iya na da rai, ita ce mai wannan bakin."

"Iya ba ta nan."

"To kowa ya sani ai. Maigari ya sani, liman ya sani. Wani zai faɗa." Muryarsa ta sauka. "Kuma an ce da jandarma zai zo. In aka tafi da ni, wa zai nome muku gona?"

Ta dube shi. Ba rashin so ba ne, ta sani. Shi ma ba ya kiran sunan, amma shi ne yake sayo wa yarinyar alewa ranar kasuwar Urafane ya ba ƙanenta ya kai mata. Zalika ta haɗiye sauran maganar, suka ci gaba da ɓara.

* * *

Laraba da hantsi aka taru a gindin gawon ƙofar maigari Danda, maza a gaba bisa tabarmi, mata a baya a tsaye. Mutumin gwamnatin, Mushe Abdurrahamane, ya iso cikin ƙaramar mota, saurayi ne mai farar riga, da jandarma ɗaya a bayansa. Jandarman bai ce uffan ba har aka tashi. Jingina ya yi da bishiya yana sakace, amma rabin taron shi suke kallo.

Mushen ya yi gaisuwa da ladabi, ya yi bayanin arzikin da tasha za ta kawo. Sannan ya ce, "Ba mu zo mu cuci kowa ba. Faƙo ya fi mana wahala, amma in akwai abin da ya shafi rai, ku faɗa yanzu, a kai tashar can. In ƙananan abubuwa ne, sai mu gyara su a nan."

Namadi ya tashi, zakin rijiya, ya kwashi rabin lokacinsa yana yi wa gwamnati addu'a, sannan ya ambaci wakensa kamar mai neman gafara. Mushe ya ce za a yi shinge. Aka ambaci rijiya, ya ce za a hana wanke mota kusa da ita. Ɗan Azumi ya yi godiya tun ba a ba shi komai ba. Maigari ya yi gyaran murya, ya dubi Mumuni, ya ga kansa a ƙasa, sai ya ga bai kamata ya tona asirin gidan mutum gaban baƙo ba alhali mai gidan na zaune. Liman ya dubi maigari. Haka aka yi ta miƙa wa juna maganar da ido.

Zalika ta taɓa gwiwar hannun Tanna. Tsohuwar ta matsa gaba.

"Ranka ya daɗe, mu mata muna da magana."

"Bismilla, Inna."

Tanna ta saci kallon jandarman, ya daina sakace ya miƙe tsaye. Wataƙila ƙafarsa ce ta yi sanyi, Allah kaɗai ya sani. Tanna ta fara da zancen direbobi da 'yan mata, wai daga nan ta gangaro kan zancen Rakiya. Maza suka fara murmushi, wani ya ce Inna ko ke ma kina jin tsoron a sace ki, aka kwashe da dariya. Mushe ya ce maigari zai sa ido. Tsohuwar ta rikice, ta ja baya tana goge baki da gefen zane.

"Saura wa?" in ji Mushe, yana duban rana.

Zalika ba ta san lokacin da ƙafarta ta fitar da ita daga cikin mata ba. Sai ganin kanta ta yi a fili, idon gari duka a kanta: ƙannen surukinta, liman, matan da suka shekara goma suna yabon kunyarta. Mumuni ya ɗago a firgice. Maganar na nan a kan harshenta, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ina da ɗiya, ba ta ji. Ta buɗe baki, sai wata magana dabam ta fito.

"Ƙofarmu a filin take," ta ce.

"Na'am. Sai mi?"

"Muna da... akwai awaki. Suna fita. Ba su san mota ba."

Mushe ya yi murmushi, ba na wulaƙanci ba, irin na wanda aka kawo wa matsala mai sauƙi.

"Wannan ai ba wuya, baiwar Allah. Igiya za ki samu mai ƙwari ki ɗaure."

Aka sake dariya, amma wannan karon ba ta yi ƙarfi ba, don duk wanda ke wurin ban da baƙin nan biyu ya san abin da ta tashi faɗa. Kuma abin takaici, a cikinsu har akwai masu cewa a ransu, kai, yarinyar nan akwai kunya. Aka shafa fatiha. Mushe ya ce tunda babu abin da ya shafi rai, filin ya tabbata.

A hanya Tanna ta kamo hannunta tana hawaye. "Na rikice, ɗiyata. Da na ga kin fito, na ce uwa ta fi ni sanin yadda za ta faɗa." Zalika ta zare hannunta ta shige gida.

* * *

Kafin wata ya ƙare motoci suka fara kawo siminti da duwatsu na gindin sikelin auna gyaɗa. Zalika ta hana yarinyar zuwa rijiya, ta ɓoye tulun a bayan rumbu. Rakiya ta nemo shi. Ta sake ɓoyewa, yarinyar ta fita ba tulu. Da ƙasa ta fara rawa, duk inda take a gidan sai ta miƙe, idonta ya yi haske, ta nufi ƙofa. Zalika ta daina daka mai tsawo, ta daina zuwa barka, ko salla take yi rabin hankalinta na ƙofa. Ta rame har zanenta na kwancewa.

Wata safiya ƙaramin ɗanta ya jawo tukunyar koko ta zube masa a ƙafa. Ta ɗauke shi tana hura masa, tana shafa masa kanwa. Da ta ɗago, gindin rumbu babu kowa.

Ta fito da gudu. Filin cike yake da leburori da 'yan kallo. Wata mota mai ɗauke da duwatsu ta tayar da inji tana shirin ja da baya, karen motar na can gefe yana sayen shayi wajen Ɗan Azumi. A bayan motar, dab da tayar baya, Rakiya ce durƙushe, ta manna kumatunta a jikin ƙarfe, idonta a rufe. Tayar ta fara juyawa.

"Rakiya!"

Muryar ta tsaga filin. Leburori suka saki shebur, mata suka fito daga gidaje, Mumuni da ke dawowa daga gona ya daskare da fartanya a kafaɗa. "Rakiya! Ɗiyata!" Tana gudu tana kira, ɗankwalinta ya faɗi ba ta sani ba. Duk Tudun Gawo sun ji sunan nan a bakin Zalika, karo na farko. Yarinyar kaɗai ce ba ta ji ba.

Namadi ne ya fi kusa. Ya yi tsalle ya fizgo ta da damtse, suka faɗi tare cikin yashi. Tayar ta bi ta kan takalminta ɗaya da ya fice, ta nutsa shi a ƙasa. Zalika ta iso ta zube a kanta, ta rungume ta gaban kowa, tana laluba kanta da ƙafafunta, tana maimaita sunan a cikin gashinta. Rakiya ta dubi leɓen uwarta na motsi, ba ta gane ba. Ta yi ta ƙoƙarin leƙa bayanta ta ga inda motar ta nufa.

Mushe Abdurrahamane na wurin, ya zo duba aiki. Ya ƙaraso fuskarsa ta sauya. Zalika ta ɗago, kanta a buɗe, ba ta ko nemi ɗankwalin ba.

"Ɗiyata ce ta fari. Ba ta ji. Ita na tashi faɗa ran nan."

Ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya dubi mutanen da suka kewaye su.

"Duk kun sani?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ku. Da bakina na ce in akwai abin da ya shafi rai." Ya juya ya dubi simintin da ya riga ya daskare, da tulin duwatsu, ya sauke numfashi. "An gama magana a Tasawa, an zuba gindin sikeli. Ba ni da ikon tayar da shi yanzu. Zan ja wa direbobi kunne."

"Nawa ne direbobin?" in ji Mumuni, muryarsa a dushe.

"In kaka ta yi, kullum sababbi ne," in ji Mushe, bai dube shi ba.

* * *

Kaka ta yi. Buhunan gyaɗa suka hau kan juna har suka fi rumbunan gari tsawo, motoci na shiga suna fita tun asuba. Namadi ya samu shingensa. Ɗan Azumi ya ƙara benci. A bakin rijiya mata suna ta maimaita yadda Zalika ta kira sunan ɗiyar fari a bainar jama'a kai ba ɗankwali, wasu na cewa ai dole ce, wasu na taɓe baki.

Mumuni ne ya tufka igiyar da kansa, da ramar da ya jiƙa don kada ta yi kaushi. Ya auna ta yadda za ta kai inuwar rumbu, ta kai randa, ta kai bayan gida, amma ba za ta kai ƙofa ba. Ya kasa ɗaurawa. Ya ajiye ta a bakin turke ya fita.

Zalika ta yago gefen tsohon zanenta ta naɗe idon sawun yarinyar, sannan ta zarga igiyar a kai. Rakiya ta ja, ta dubi uwarta, ta nuna ƙofa, ta sake ja. Ta yi wani kuka marar kalma. Akuyar gidan, da ba a taɓa ɗaure ta ba, ta ratsa ta gabansu ta fice abinta.

Can wata mota ta tayar a filin, ƙasa ta ɗauki rawa. Yarinyar ta yi tsit. Ta matsa iyakar inda igiyar ta ƙare, ta kwanta, ta manna kumatunta a ƙasa, ta rufe ido. A hankali murmushi ya fara fito mata. Zalika ta zauna a bayanta ta riƙe igiyar da hannu biyu.

"Rakiya," ta ce a hankali. "Rakiya."